Goge gansakuka da laikin a jikin dutse in za a buɗe sabuwar hanyar hawa

"Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni da abokaina biyu mun samu wani bangon dutse a cikin kurmi, tsayinsa zai kai mita 20, babu alamar an taɓa hawansa, kuma daga ƙasa muna hango layi biyu ko uku masu kyau sosai. Matsalar ita ce ƙasansa duk gansakuka ce mai kauri, samansa kuma laikin, wannan busasshen ɓawon da ke fitowa ya manne a jikin dutse, ya rufe shi har ba ka ganin launin dutsen. Ɗayanmu ya ce mu ɗaura buroshin waya a bakin injin huda mu bi shi tas, sannan mu watsa bilic, sinadarin nan na faranta kaya a wanki, kada ya dawo, ɗayan kuma ya ce kada ma mu taɓa, ɓarnar muhalli ce. Dan Allah ku da kuka daɗe a harkar yaya kuke yi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannunku da himma. In na fahimce ka tambaya biyu ce a dunƙule, ta farko shin ya dace ku goge bangon nan, ta biyu in ya dace da me za ku goge kuma iya ina za ku tsaya. Mutane sun fi zumuɗin ta biyun saboda ita ce ta kayan aiki, amma ta farkon ce ke raba hanyar da za a yi shekaru ana jin daɗinta da tabon da za a bari a jikin dutse babu mai hawa. Abokin naka mai injin huda da bilic dai tun yanzu ka ce masa a'a, zan zo kan dalili. Na biyun kuma yana da gaskiya a wani ɓangare, sai dai in aka bi maganarsa gaba ɗaya to a wurare masu yawan ruwan sama kusan babu hanyar da za a taɓa buɗewa.

Abin da za ku cire ɗin ba iri ɗaya ba ne

Gansakuka tsiro ce amma ba ta da saiwa ta gaskiya, wasu 'yan siraran zare ne kawai take riƙe dutsen da su, ruwa kuma ta jikinta take sha. Shi ya sa inda duk ka ganta da kauri to wurin yana daɗewa da laima, ko inuwar itatuwa ce, ko bangon ba ya fuskantar rana, ko kuma ruwa na tsatsowa daga sama. In ka ɗaga ta za ka tarar da baƙar ƙasa a ƙarƙashi wadda ita ta tara a hankali, da ƙwari da tsutsotsi a ciki. Tana fita da sauƙi, kuma da sauƙi take dawowa, 'yan shekaru kaɗan in ba a hawa wurin zaka ga ya koma kore.

Laikin daban ne. Shi ba tsiro ɗaya ba ne ma, haɗin gwiwa ne tsakanin wata halitta dangin funfuna da wasu ƙananan korayen ƙwayoyi masu haɗa abinci da hasken rana, ɗaya ta ba da matsuguni ɗaya ta ba da abinci. A jikin dutse za ka fi haɗuwa da kala uku: akwai mai reshe-reshe da ke tsaye ko yana reto, akwai mai kamar ganye wanda gefensa ke ɗagowa har ka sa farce ka ɓamɓare, sai kuma wanda ya manne ya zama ɓawo, ba ka iya raba shi da dutsen sai ka kankare. Wannan na ukun zarensa yana kutsawa cikin fatar dutsen tsakanin ƙwayoyinsa, musamman a dutsen yashi da dutsen farar ƙasa, wato in ka ce sai ka cire shi tas to tare da fatar dutsen za ka cire. Kuma girmansa a hankali ne ƙwarai, wani irin mai launin rawaya-kore da baƙin zane kamar taswira sau da yawa ko milimita 1 ba ya ƙarawa a shekara. Saboda wannan jinkirin ne wani masani ɗan Ostiriya, Roland Beschel, tun wajen 1950 ya fara auna faɗin laikin don gane tsawon lokacin da dutse ya yi a buɗe bayan ƙanƙara ta janye daga kansa. Ka ga kenan tabon da bai wuce tafin hannunka ba yana iya girmar kakanka, kai kuma cikin minti ɗaya za ka share shi.

To ka jera su a ranka haka, gansakuka za ta dawo a shekaru, laikin sai an yi gomman shekaru ko fiye, fatar dutse kuwa in ta tafi ta tafi kenan. Duk shawarar da zan ba ka a ƙasa daga nan ta fito.

Kafin ku taɓa komai

Ku fara sanin wurin na waye, kuma ku nemi izini baki da baki ko a rubuce. Wannan ba ladabi ba ne kawai, a wasu ƙasashen doka ce. A Birtaniya dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta hana tumɓuke tsiron daji ba da izinin mai ƙasa ba, kuma tana da jerin gansakuka da laikin da aka ba kariya ta musamman. A gandun dajin ƙasa na Amurka ma lalata tsirrai laifi ne. Sannan abin da mutum ɗaya ya yi yakan shafa wa kowa kashin kaji: a 2019 hukumar dajin Bighorn a jihar Wayomin ta Amurka ta dakatar da buɗe sabbin hanyoyi, ciki har da kwarin Ten Sleep, bayan rigimar da ta tashi kan masu sassaƙa mariƙa, wato wuraren da hannu ke kamawa a jikin dutse, da injin huda da gam, a shekarar kuma aka rufe manyan sassa na duwatsun Grampians a Ostireliya ga masu hawa saboda wuraren tarihi da zane-zanen 'yan asalin ƙasar da ke jikin duwatsun. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi da kyau, tsohon zane ko rubutu yakan ɓuya a ƙarƙashin laikin ko a cikin rumfar dutse, in kun ga wani abu mai kama da aikin hannun mutum ku ajiye buroshi ku kira waɗanda suka sani.

Sai tsuntsaye. In kun ga farin kashi yana zubowa daga wani dandamali ko tsuntsu yana kewaya ku yana kuka, akwai sheƙa. A Birtaniya duk shekara ana rufe wasu bangaye daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara saboda shaho da hankaka masu ƙyanƙyasa, kuma masu hawa da kansu suke bin dokar. Ku ma ku jira 'ya'yan su tashi, dutsen ba inda zai je.

Akwai kuma abin da ido ba ya ba shi muhimmanci. Bangon dutse yana cikin wuraren da wuta da dabbobin kiwo da gatari ba sa kaiwa, don haka abin da ke kansa yakan zama tsoho fiye da zato. A tsaunin Niyagara da ke Ontariyo ta Kanada, Doug Larson da abokan aikinsa na jami'ar Guelph sun gano wasu ƙananan itatuwan sida, karkatattu, waɗanda mutum zai ɗauka 'yan shekaru ne da su, ashe wasunsu sun haura shekara 1000. Binciken da suka fitar a 2002 ya nuna tsirrai sun fi ƙaranci a bangayen da ake hawa, wani kuma da ya biyo baya a 2006 ya nuna wani kaso na bambancin daga zaɓin masu hawa ne, domin dama sun fi son bango mai sulɓi wanda tsiro bai cika kamawa ba. Ni darasin da na ɗauka daga nan shi ne zaɓen layi ya fi komai tasiri, wanda ya zaɓi layin da dama kusan a share yake ya rage ɓarna tun kafin ya ɗauki buroshi. Gane irin laikin da ba a cika samu ba kuwa aikin masana tsirrai ne, mu masu hawa ba mu da idon, ku ɗauki hotuna na kusa ku nuna wa wanda ya karanci fannin ko ma'aikatan da ke kula da dajin, musamman in kun ga wani iri da ba ku gani a sauran duwatsun yankin.

Shin layin ya cancanci wahalar?

Nan ne nake so ku daɗe kuna tunani. Ku ɗaura igiya daga sama ku sauka a hankali ba tare da kun cire komai ba, kuna latsa gansakukar da yatsa kuna jin ko akwai mariƙa a ƙarƙashi, kuna ƙwanƙwasa dutsen da guduma ƙarama, inda ya yi ƙara siririya lafiya lau ne, inda ya yi kamar ganga to ɓawo ne da ke shirin rabuwa. Ku koma wurin bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi ku ga ta ina ruwa ke bi da kwana nawa yake ɗauka kafin ya bushe. Baƙin zane da ke gangarowa daga sama hanyar ruwa ce, duk yadda kuka goge shi zai dawo, domin ba ku taɓa sanadin ba.

Sannan ku tambayi kanku tsakani da Allah, wa zai hau hanyar nan bayan ku? Abin da ke riƙe hanya a share shi ne hannu da takalmin masu hawa. Skwamish a yammacin Kanada misali ne da kowa ya sani, giranit ne mai kyau amma ruwan sama ya yi yawa, hanyoyin da jama'a ke bi kullum fes suke, waɗanda aka manta da su kuwa kurmi ya sake haɗiye su har sai wani ya zo ya sake gogewa daga farko. In bangonku yana da nisa daga hanya, layin kuma matsakaici ne ba wani abin a zo a gani ba, to za ku kashe laikin na shekara 100 don hawa biyu ko uku, wannan aikin baban giwa ne kuma ni ba na goyon bayansa. Cikin layi ukun da kuka hango ku zaɓi mafi kyau guda ɗaya, wanda ya fi bushewa, ku gama shi, ku ba shi shekara ku ga yadda zai kasance. In ya tsaya a share kuma mutane na zuwa, sai a yi maganar na biyu.

Buroshi da irin dutse

Ba ka gaya min irin dutsen ba, kuma ban gan shi ba, don haka ba zan iya yanke maka hukunci ɗaya ba, amma ga yadda ake auna abin. Giranit yawancinsa ma'adinai ne masu tauri, a ma'aunin Mohs, wanda ke auna taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10, suna kan 6 zuwa 7, sun kai ko sun fi wayar buroshi tauri, shi ya sa a wurare irin Skwamish ake amfani da buroshin waya na hannu a gogewar farko kuma an yarda da hakan. Dutsen farar ƙasa kuwa ma'adininsa 3 ne kacal, waya tana zana shi nan take, daga baya kuma ya yi santsi. Dutsen yashi shi ya fi ruɗar mutane, ƙwayoyin yashin suna da tauri amma abin da ya haɗa su ba shi da ƙarfi, kuma sau da yawa wata siririyar fata ce mai tauri a waje, cikin kuwa laushi. Da zarar ka huda fatar nan sai mariƙin ya dinga zubar da yashi yana zurfi duk shekara. Wannan ne ya sa a Fontenbulo ta Faransa da duwatsun yashi na kudancin Ingila da na yankin Peak, shi ma a Ingila, ba a yarda da buroshin waya ba sam. Kuma dutsen yashi in ya jiƙe ƙarfinsa yana raguwa sosai, a Red Rock ta jihar Nebada a Amurka ana roƙon mutane su jira kwana ɗaya zuwa uku bayan ruwa kafin su hau, to gogewa ma haka ne.

Ƙa'idata ita ce na fara da mafi laushi, sai ya gaza nake ƙara mataki. Hannu da safa, sai guntun katako ko roba mai baki don ɗaga gansakuka, sai buroshin roba mai tauri irin na wankin daɓe, sai ƙaramin buroshin gashi na share mariƙa. Waya sai a dutse mai tauri, da hannu, kuma bayan na gwada a wani lungu can ƙasa inda ba a gani. In na goga sau goma na ga launin dutsen ya canja ko gari yana fita mai launin dutsen ba na laikin ba, to na san dutsen nake ci, sai na tsaya. Ka lura kuma wayar ƙarfe tana barin ɓurɓushi da ke yin tsatsa ya bar jan tabo, ta tagulla kuma tana shafa wa dutse wani ƙyalli mai ruwan zinare da ba ya fita da wuri.

Injin huda da buroshi a baki matsalarsa ita ce ba ka jin abin da kake yi. Da hannu kana jin lokacin da laikin ya ƙare dutse ya fara, da inji kafin ka ankara ka goge ƙananan ƙurajen dutsen da takalmi ke kamawa, ka mayar da wurin sulɓi, wato ka lalata ainihin abin da ka zo nema. Bilic kuwa ba ya tsayawa inda ka zuba shi, yana gangarowa ya kashe duk abin da ke ƙasa, ya shiga ƙasa da ruwan da ke kusa, kuma ga haɗarin da ya fi kusa da wuyanka, yana cin nailan, igiyarka da ɗamararka da ake ɗaura maka igiyar a jiki kuma nailan ne, lahanin ma ba lallai ido ya gani ba. Bayan duk wannan gansakukar za ta dawo tunda inuwa da laima suna nan. Wuta ma kada ku kusance ta, zafi yana fasa fatar dutse ta dinga ɓarewa falle-falle, ga haɗarin gobara a kurmi.

Yadda nake bi a kan igiya

Daga sama ake farawa a gangaro, in ba haka ba duk dattin sama zai sauko kan abin da ka riga ka share. Zagayen farko na duwatsu masu motsi ne kawai, kuma ranar babu kowa a ƙasa, babu jaka, babu kare, wani ya tsaya nesa yana tsare hanyar da mutane za su iya ɓullowa. Ragowar igiyar da ke ƙasanka ka naɗe ta a jaka a jikinka domin dutse in ya faɗa kanta yana iya yanke ta ba ka sani ba. Igiya biyu nake amfani da su, marasa talewa, ɗaya ta aiki ɗaya ta ko-ta-kwana, kowacce da maɗaurinta, da abin kariya a duk inda ta gogi kaifin dutse, saboda mai goge-goge yana ta lilo hagu da dama ne kuma wannan lilon shi ke cin igiya. Kowane ƙarfe mai baki a ɗaure yake da zare a jikina kuma ba ya kusantar igiyar da ke ɗauke da nauyina. Hular kwano dole, tabarau dole, takunkumi ma dole, ƙurar giranit da ta dutsen yashi tana da sinadarin silika mai lahanta huhu, ga ƙurar laikin da ke sa tari da ƙaiƙayin ido. In za ka daɗe a rataye ka samu ɗan katakon zama, ɗamara kaɗai tana kashe ƙafa. Kafin ka zura hannu a tsaga kuma ka leƙa, ka saurara, zuma da rina da maciji duk suna son irin wurin.

Zagaye na biyu na gansakuka ne, kuma ta fi fita in tana da ɗan danshi, ka sa katako ta sama ka ɗaga baki sai ta naɗo kamar tabarma, da ƙasarta da komai. Abin da ya rage a jikin dutsen laka ce, kada ka wahalar da kanka da ita a ranar, buroshi zai dinga shafa ta ne kawai yana cusa ta cikin ramuka. Ka bar ta ruwan sama ya wanke, rana ta busar, ka dawo da buroshin roba sai ka ga tana tashi kamar gari. Laikin mai ganye shi ma a bushe ya fi sauƙi, yana karyewa ya zube. Mai ɓawon nan kuwa a mafi yawan wurare ina barinsa, a bushe takalmi yana kama shi ba laifi, sai in ya zauna daidai kan matakin ƙafa ko mariƙin da babu makawa sai an yi amfani da shi.

Faɗin da za a share shi ne inda na fi saɓawa da wasu abokan harka. Akwai masu share bango daga gefe zuwa gefe don ya yi kyau a hoto. Ni sai na gwada motsin a kan igiya tukuna, na sa ɗigon alli a inda hannu da ƙafa ke sauka, na ƙara la'akari da gajere da dogo tunda ba wuri ɗaya za su taka ba, sannan na share waɗannan da abin da ke tsakaninsu wanda gwiwa ko igiya za ta goga. Sau da yawa abin bai wuce faɗin hannu biyu a buɗe ba. Gansakukar da ke saman layin kai tsaye wadda za ta dinga ɗigo da ruwa da ƙasa a kan mariƙa ita ma tana tafiya, amma ta gefe tana nan. Tsaga ma iya inda yatsu ko kayan kariya, wato ƙarafan da ake cusawa a tsaga don su riƙe igiya, za su shiga nake tonewa. Itace mai rai ba na sarewa don hanya, in itace ya tare layi to layin ne zai kauce.

Wani abu da ke rage ɓarna sosai kuma ba a cika faɗa ba, ku sa maɗaurin ƙarshe, inda ake maƙala igiya a ƙarshen hanya, ƙasa da leɓen bangon kaɗan, yadda mai hawa zai sauko daga nan ba sai ya haye sama ba. Ciyayi da ƙasar da ke bakin bangon su ke riƙe ruwa da zaizaya, in aka tattake su duk damina laka za ta dinga wanko muku hanya. Kada kuma a dinga ɗaura igiya a jikin itatuwan bakin, goga tana kashe su a hankali.

Iyakar gogewa da sassaƙa kuma a bayyane take duk da wasu na son su dagula ta. Cire ƙasa da tsiro da dutsen da hannu ko ɗan banƙarawa zai iya fitarwa, wanda dama zai faɗo kan wani, wannan share hanya ne. Amma ƙara wa rami zurfi, ko fasa baki don yatsa ya samu wuri, ko dagewa da waya a wuri ɗaya har ya zama mataki, wannan ƙera mariƙi ne ko da wane suna aka kira shi. In kun share kun tarar akwai mita biyu da babu abin kamawa, to ko dai hanyar ta fi ƙarfinku a yanzu ku bar wa na gaba, ko kuma babu hanya a wurin.

Abin da kuka zubo ƙasa kada ku bar shi tsibi a gindin bango a kan wasu tsirran. Shimfiɗun gansakukar da suka fito da ƙasarsu ku ɗauke su ku kwantar a kan wani dutse mai inuwa da laima a gefe, wasu sukan kama su ci gaba da rayuwa, sauran ƙasar ku baza ta. Ku tsayar da turba ɗaya ta zuwa gindin bangon da wuri ɗaya na ajiye jaka tun ranar farko, domin sau da yawa tattakin ƙasa ya fi abin da aka yi a jikin bangon muni. In kun rubuta bayanin hanyar don wasu, ku saka irin dutsen, da buroshin da ya dace da shi, da watannin da tsuntsaye ke sheƙa, da kwana nawa wurin ke ɗauka kafin ya bushe bayan ruwa. In ka samu dama ka turo hoton dutsen na kusa, inda aka ɗan ɗaga gansakukar ana ganin ƙwayarsa, da wani hoton bayan ruwan sama, daga nan zan iya gaya maka ko waya za ta taɓa shi ko a'a.